Likita, sikelina ya ƙi motsi: amsoshin tambayoyinku kan rage ƙiba

Tambayoyin da suka taru a wannan makon yawancinsu kan rage ƙiba ne, kuma kusan duka kuka ɗaya suke yi: an fara, an ga abin ba ya sauri, zuciya ta karaya. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su.

Tambaya: Likita, ni matar aure ce a Kano, shekaruna 38, nauyina kilo 96. Na rage tuwo da shinkafa, na daina shan lemon kwalba. A mako biyun farko na sauke kilo uku, amma a wata gudan da ya biyo baya kilo ɗaya da rabi kacal ya tafi. Wata rana ma sai in hau sikeli in ga na ƙaru. Anya ba wahalar banza nake sha ba?

Amsa: Hajiya, ba wahalar banza kike sha ba. Kilo ukun nan na farko ne suka ruɗe ki, domin yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukarin da ya samu daga tuwo da shinkafa da burodi a cikin hanta da tsoka, kimanin rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Da zarar mutum ya rage cin waɗannan abinci, jiki ya fara cin ajiyarsa, sai ruwan ya bi fitsari ya fita. Shi ya sa makon farko kowa ke murna. Kitse kuwa lissafinsa daban ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Idan kullum kina cin abin da ya gaza buƙatar jikinki da kalori 500, a mako kin tara 3,500, wato kusan rabin kilo ke nan. To ki duba, kilo ɗaya da rabi a wata ai dab yake da wannan lissafi. Abin da likitoci ke ɗauka a matsayin tafiya mai kyau shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma mata sun fi kasancewa a ɓangaren rabin kilon saboda tsokarsu ba ta kai ta maza yawa ba.

Hawan da kike gani wasu ranaku shi ma aikin ruwa ne. Miyar da ta sha gishiri da dunƙule da daddare tana iya sa jiki ya riƙe ruwa har gobe. Haka kwanakin da al'ada ke gabatowa, mace tana iya ƙara kilo ɗaya ko biyu, su tafi da kansu bayan jinin ya zo. Ko rashin fita bayan gida na kwana biyu yana nunawa a sikeli. Babu yadda za a yi ki tara kilo guda na kitse a dare ɗaya, sai kin ci abincin kwana uku ko huɗu a bisa wanda kika saba ci.

Shawarata ki daina hawa sikeli safe da yamma. Ki ware rana ɗaya a mako, da safe bayan kin kama ruwa, kafin ki karya, a kan sikeli ɗaya, ki rubuta a takarda. Sai ki riƙa kwatanta wata da wata. Ki kuma ari tef ɗin tela ki riƙa auna cikinki daidai saitin cibiya sau ɗaya a wata. Sau da yawa zani yakan fara ba da labari kafin sikeli ya yarda. Idan aka yi wata biyu cur sikeli bai motsa ba, tef ma haka, kina kuma bin ƙa'ida tsakaninki da Allah, to nan ki je asibiti a duba ko akwai matsalar maƙoƙo ko wani magani da kike sha yana ƙara ƙiba. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana yi wa wasu mata haka. Kada ki daina kowane magani da kanki, ki tattauna da wanda ya rubuta miki.

Tambaya: Saura mako shida bikina, ina so in rage kilo 15. Wata mai sayar da kaya a Instagram ta ce shayinta zai yi min wannan aikin. In saya?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, amma ki riƙe kuɗinki. A mako shida abin da za ki iya saukewa lafiya lau bai wuce kilo uku zuwa shida ba. Yawancin irin wannan shayi filasko ne a ciki ko wani abu mai sa yawan fitsari. Za ki yi ta zarya bayan gida, sikeli ya sauka, ki ɗauka kitse ne ya narke, alhali ruwa da gishirin jikinki ne suka zube. Kwana biyu da dainawa komai ya dawo. Mafi muni, an sha gano wasu kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla an cusa musu sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ba shi da lambar NAFDAC ta gaskiya kada ya shiga bakinki, kuma ko yana da lamba, lamba ba alƙawarin kilo 15 ba ce.

Horon yunwa ma da nasa kuɗin fansa. Ramar gaggawa tana haifar da tsakuwa a matsarmama, tana rikita al'ada, sannan gashi yakan fara zuba bayan wata biyu zuwa uku, wato daidai lokacin da kike amarci. Ki je wurin tela ya auna ki yadda kike yau, ya bar wurin ragewa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, shekaruna 47, kilo 110, ga tumbi. An gwada ni an ce sugana ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba. Lokacin da nake saurayi kilo 72 nake. In na tuna tazarar sai in ji ba zan iya ba.

Amsa: Alhaji, ka bar maganar kilo 72 tukuna, ba ita ce a gabanka ba. Lafiyarka ba ta jira sai ka koma jikin samartaka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kawai yana sauke hawan jini, yana gyara suga da kitsen jini, gwiwa ma tana samun sauƙi. A wurinka wannan kilo biyar da rabi ne zuwa goma sha ɗaya, abin da ake iya yi cikin wata shida ba tare da an takura ba.

Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsayinka, suga ya hau amma bai zama ciwo ba. An nemi rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wato maganin suga, kuwa ragin kashi 31 suka samu. Kashi 7 na nauyinka bai cika kilo takwas ba. Minti 150 ɗin nan kuma rabin awa ne sau biyar a mako, ana iya yinsa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi.

Na san zaman kasuwa. Duk baƙon da ya zo a sayo lemo, kai ma ka sha naka. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari sama da cokalin shayi goma, kuma maltina ba ta fi ta tsarki ba, ko da yake mutanenmu na yi mata kallon maganin ƙarin jini. In ka cire waɗannan, ka rage sukari da madarar shayin safe, malmala biyu ta koma ɗaya da miyar ganye mai yawa, ka yi rabin aikin. Shi tumbi ba ya tafiya don an yi ta motsa ciki ko an ɗaure shi da bel. Jiki ne ke zaɓar inda zai fara cire kitse, sai dai abin daɗin shi ne kitsen cikin ciki, wanda ya fi haɗari, yakan amsa da wuri idan an haɗa da tattaki. Ga namiji, awon ciki da ya wuce santimita 94 alamar gargaɗi ce, 102 kuwa haɗari ya yi yawa. Ka koma a sake gwada sugan kamar yadda likitanka ya tsara.

Tambaya: Wata uku da haihuwata, har yanzu jikina bai koma ba. In fara rage cin abinci?

Amsa: Maijego, a'a, ba yanzu ake horon ciki ba. Shayarwa kaɗai tana cin kimanin kalori 500 a rana, kuma mata da yawa sukan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin su kusanci nauyinsu na da. Ki ci ki ƙoshi, amma ki lura da sukarin da ake zubawa a kunu da yawan soye-soye. Kunun kanwa kuma a yi hattara da shi, domin kanwa gishiri ce, tana ƙara wa zuciya nauyi bayan haihuwa. Idan ƙafa na kumbura ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, wannan ba ƙiba ba ce, ki tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Sau uku ina rage kilo goma yana dawowa, har ya ɗara na da. Ko a azumi na rame, bayan sallah sai ya dawo. Yanzu na ji ana maganar allurar Ozempic. Ita ce mafita?

Amsa: Malam, kada ka ɗauki wannan a matsayin raunin zuciyarka. Jiki bai san kana gyara ba ne, gani yake fari ya shigo. Idan kitse ya ragu, sinadarin leptin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya yana raguwa, ghrelin mai ta da yunwa yana ƙaruwa, sannan jikin yana rage ƙarfin da yake ƙonawa ko yana hutawa. A 2016 masu bincike a Amurka sun bi diddigin mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. Sun sauke matsakaicin kilo 58 cikin mako 30 da horo mai tsanani. Bayan shekara shida, matsakaicin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu na ƙona kalori kusan 500 ƙasa da yadda ake tsammani a kullum. Ban kawo wannan don in karya maka gwiwa ba. Na kawo shi ne don ka san cewa ranar da ka kai kilon da kake so, aiki bai ƙare ba, kuma tsarin da ba za ka iya rayuwa da shi shekara da shekaru ba, nauyin da ya cire maka aro ne. Haka azumi yake. Yawancin masu azumi abin da suke saukewa bai fi kilo ɗaya ko biyu ba, kuma yana dawowa cikin 'yan makonni, balle in buɗa-baki ya zama ƙosai da dankali da doya duk soyayyu, ga zoɓo mai zaƙi.

Ita allurar, sinadarinta semaglutide, tana aiki, ba zan ɓoye maka ba. A gwajin da aka wallafa a 2021, masu karɓar babban awonta sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, amma cikin mako 68, wato shekara da wata huɗu, kuma tare da gyaran abinci da motsa jiki. Waɗanda suka daina, kimanin kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Ga tsada, ga tashin zuciya da amai ga wasu, ga jabunta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai a 2024. Mai ciki ba ta yin ta, haka wanda ke da tarihin wani nau'in ciwon dajin maƙoƙo a danginsa. Ba abin saye a WhatsApp ba ne, sai likita ya duba ka ya rubuta.

Kafin ka kai can, ka gwada wani abu daban a wannan karon. Ka sauke kilo biyar kawai, sannan ka yi wata uku kana riƙe shi ba ka neman ƙari, kana auna kanka mako-mako, kana samun barcin awa bakwai, domin ƙarancin barci shi ma yana buɗe ciki. In kilo biyu suka dawo, ka gyara tun a nan, kada ka jira su zama goma. Ka rubuto mini bayan wata ukun da abin da takardarka ta nuna, mu ga ko za a ci gaba da na biyar na gaba.