Sai na sayi manhaja kafin in haɗa sakamakon bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin lafiya. Na tattara bincike 14 da aka yi kan magani ɗaya, ina so in haɗa sakamakonsu in fitar da ƙiyasi guda. An ce in sayi manhajar Comprehensive Meta-Analysis. Sai na kashe kuɗi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba dole ba ne. Manhajar da aka ambata miki tana da sauƙi ƙwarai, danne-danne ne kawai ba rubuta umarni, shi ya sa masu farawa suke sonta. Amma lissafin da za ta yi miki, akwai masu yin sa kyauta.

Ni abin da nake ba ɗalibai shawara shi ne R, manhajar lissafi da ake rubuta wa umarni. Ana ƙara masa kayan aiki biyu na haɗa sakamakon bincike: metafor, wanda Wolfgang Viechtbauer ya rubuta, da kuma meta na Guido Schwarzer. Ba a biyan ko sisi, kuma umarninki yana nan a rubuce, duk ranar da mai duba aikinki ya ce ki cire bincike ɗaya ki sake lissafi, minti kaɗan kin gama. Idan rubuta umarni yana ba ki tsoro, ki sauke jamovi, manhajar danne-danne ta kyauta, ki ƙara masa sashen da ake kira MAJOR, wanda a ƙarƙashinsa metafor ɗin ne yake aiki. Manhajar JASP ma tana da sashen wannan aiki.

Ki fara tambayar makarantarku. Idan suna da lasisin manhajar lissafi ta Stata, daga fitowa ta 16 ta shekarar 2019 akwai umarnin haɗa sakamakon bincike a ciki, SPSS kuma ya shigo da shi a fitowa ta 28. RevMan na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, yana zana sakamako da kyau, sai dai ba ya yin meta-regression, wato lissafin da ke auna yadda sakamako yake sauyawa da shekarun marasa lafiya ko yawan magani. In kina buƙatar wannan, ki nemi wata manhajar.

Inda nake so ki tsaya sosai shi ne nan. Bincikenki 14 da wuya su zama iri ɗaya. Ki duba I², ma'aunin da Higgins da Thompson suka kawo a 2002, wanda ke nuna yawan saɓanin da ke tsakanin binciken wanda ba bisa tsautsayi kawai ya faru ba. Hanyar DerSimonian da Laird ta 1986 ita ce tsohuwar hanyar da aka saba haɗa sakamakon binciken da suka saɓa da ita, amma idan bincike ba su da yawa tana iya fitar da iyakar ƙiyasi (confidence interval) mai ƙunci fiye da gaskiya, ya zama kamar an fi tabbata. Shi ya sa nake so ki zaɓi manhajar da ke ba ki REML, wata hanyar ƙiyasta saɓanin, da gyaran Hartung da Knapp mai daidaita wannan iyaka. Zanen mazurari (funnel plot) da gwajin Egger kuwa, waɗanda ake duba alamar ko akwai binciken da ba a wallafa ba da su, ana so a yi su da bincike 10 ko fiye, naki kuwa 14 ne, kin cika wannan sharaɗi.

Tambaya: Malam, waɗannan manhajoji suna tace mini takardun binciken da zan saka cikin lissafin?

Amsa: A'a, Malama, wannan aiki ne daban. Rayyan da Covidence su ne na tantance takardu. Rayyan yana da tsarin kyauta, Covidence kuma na biya ne in ba makarantarki ta yi rajista ba. Ki samu abokin aiki ku tantance kowa shi kaɗai, sannan ku zauna ku daidaita inda kuka saɓa.