Hula lamba 22: amsa ga ɗan'uwan da ke son komawa makaranta yana da shekara 41

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na ce bari in bari sai na samu natsuwa, don ba ta layi biyu ba ce. Ka ce shekararka 41, adaidaita sahu kake ja, 'ya'yanka huɗu, a aji biyu na ƙaramar sakandare ka ajiye biro, yanzu kuma zuciya ta dame ka da son komawa. Amma kana jin kunya, kana tsoron ƙwaƙwalwa ta tsufa, kuma kana tambaya ko wahalar za ta haifi aikin yi. Na ga wasu sun riga sun ce maka gemu ba ya hana ilimi. Haka ne. Sai dai karin magana ba ta zaunar da magidanci a kan benci bayan ya wuni yana shaƙar hayaƙin titi. Ni na bi hanyar, bari in ba ka labarin yadda na same ta.

Ni ma keke nake takawa, amma na ɗinki. A Fagge aka kai ni koyon sana'a ina gama firamare, daga nan ban sake waiwayar boko ba sai 2015, ina da shekara 38. Abin da ya kai ni ba wani babban buri ba ne. 'Yata ce ta fari, tana aji biyar a lokacin, ta kawo mini aikin gida na lissafi ta ce, "Baba, nuna mini wannan." Na karɓi littafin na ƙura masa ido kamar mai nazari, na ce mata kaina na ciwo, ta kai wa 'ya'yan maƙwabta. Ta tafi ba ta ce komai ba. Amma daga ranar ba ta sake kawo mini ba, kuma wannan rashin kawowar shi ya fi ci mini rai. Yarinya ta gane.

Maganar kunya zan fara da ita, don ita ce mafi arha a cikin ukun. Ka duba garin nan da kyau. Bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Isha'i, ka leƙa zaurukan cikin gari, su Madabo da kewaye, za ka tarar da dattijo mai furfura ya tanƙwashe ƙafa gaban malami da Ahalari ko Iziyya a hannu, yana biyawa ana fassara masa, wani lokaci malamin ma ɗan cikinsa ne. Ka taɓa jin an yi masa dariya? Sai ma a ce Allah ya ba da sa'a. Matan aure kuwa sun cika Islamiyyoyin dare da na ƙarshen mako da goyonsu a baya. Ashe Bakano bai taɓa ɗaukar neman ilimi da girma abin kunya ba, boko kaɗai muka ware muka ce na yara ne. Shi ma bokon ba yau manya suka fara zama dominsa ba. Tun shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Arewa, kakanninmu suka koyi a-ba-ca-da a gindin bishiya, kuma a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda har yanzu tana nan da azuzuwanta.

Ni kunyata mako biyu ta yi. A jakar leda baƙa nake saka littattafaina, in tura su ƙarƙashin yadin mutane, kada yaran shago su gani. Ranar farko da na shiga aji na samu can baya na maƙale. Da na waiga, na kusa da ni mahauci ne da ya girme ni da kusan shekara goma, gabana wani direban babbar mota, can gefe ɗan dako daga Kwari. Kowa da irin tasa ledar. Wa zai yi wa wa dariya?

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa.

Wata uku na farko ban ji daɗin komai ba, kada in yi maka ƙarya. Ina zuwa ne kawai don na riga na biya kuɗin littattafai. Barci nake yi a aji. Sai wata rana malamin lissafi ya zana da'ira a allo, ya rubuta 22/7 a gefe, ya ce wannan lamba sunanta fai, kuma duk wani abu mai zagaye a duniya, in ka auna kewayensa ka raba da faɗinsa ta tsakiya, ita za ka samu, wato 3 da ɗan ɗoriya, kusan 3.14. 'Yan aji suka kwafa. Ni kuwa sai na ji gabana ya faɗi. Domin tun ina yaro a shago, maigidana ya koya mini cewa in za ka haɗa hula lamba 22, wato mai kewayen inci 22, to faɗin samanta inci 7 za ka yanka, ban da rarar ɗinki. Bai taɓa gaya mini dalili ba, shi ma haka ya gada. Shekara ashirin da wani abu ina yanka 7 saboda 22, ban san cewa wata doka ce da ta hau kan kowace da'ira ba, ba hula kaɗai ba.

Da na koma gida ko takalmi ban gama cirewa ba na zaro tef ɗin awo. Na auna faifai. Na auna murfin tukunya, na auna bakin bokiti, har da farantin tangaran na uwargida da ba a taɓawa sai an yi baƙi. Kowanne in na raba sai ya ba ni 3 da ɗan wani abu. Uwargida ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona, can ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce lafiya ƙalau, zo ki riƙe mini bakin tef ɗin nan. Wallahi daren nan da ƙyar na yi barci. Ba kuɗi na samu ba, ba wanda ya yaba mini, amma wani irin farin ciki ne da rabona da shi tun ranar da na fara ɗinka riga ni kaɗai ta zauna a jikin mai ita.

To wannan shi ne man da ya ja ni shekara huɗu. Takarda ba za ta iya ba, don takarda tana can nesa, gajiya kuwa kullum tana tare da kai. Abin da ke tayar da mutum ya tafi aji ranar da ciniki ya yi tsami shi ne ya san akwai yiwuwar yau ma a buɗe masa wani ƙulli da ya daɗe yana ɗauke da shi bai sani ba. Kuma a nan babba ya fi yaro riba nesa ba kusa ba. Yaron da aka koya wa 22/7 ba shi da hular da zai jingina ta. Kai kuwa kana da shekara 41 na abubuwan da ka gani da idonka, suna jiran a ba su suna.

Wannan ya kawo mu batun ƙwaƙwalwa. Abin da na lura a kaina shi ne hadda ta yi nauyi. Abin da 'yata za ta haddace a zama ɗaya, ni sai na maimaita kwana uku, in na yi sakaci mako guda ya gudu. Amma fahimta ta fi ta da sauri. Lokacin da aka zo lissafin rabi da kwata, yaran da ke shirin jarrabawa tare da mu suna ta kokawa, ni ko dariya ta kama ni, don turmin atamfa yadi 6 ne, yadi inci 36, kuma na fi shekara ashirin ina fitar da riga da zani da ɗankwali daga ciki ba tare da yadin ya gaza ba. Kai ma haka za ka tarar. Mutumin da kullum yake cire balas, ya cire kuɗin mai, ya san lita nawa za ta kai shi daga Kabuga zuwa Bata ya dawo, ya ba fasinja uku canji lokaci guda yana kallon danja, ba shi za a ce wa ba ya iya lissafi ba. Rubuta shi ne ba ka saba ba.

Abokin gabanka na gaskiya lokaci ne da gajiya. Karatun dare bai taɓa yi mini ba, ido ba ya buɗuwa, ga sau da yawa ba wuta. Sai na koma bayan Asuba, minti 40 kafin yara su tashi, kullum, ko Juma'a. Minti 40 ɗin nan sun fi mini awa biyar na ranar Lahadi amfani. Sannan ka san lokacin da sana'arka take cinye ka, ka shirya masa tun da wuri. Mu teloli daga tsakiyar azumi zuwa Sallah ba mu da kanmu, a shago muke kwana. Shekarar farko ban yi tanadin haka ba, na ɓace wata biyu, da na dawo an wuce ni, saura ƙiris in ce na haƙura. Mahaucin nan ne ya biyo ni har shago da littafinsa, ya ce in kwafa in mayar masa jibi. Ka samu irin wannan mutum a ajinku ka riƙe shi. Kai kuma kana da wata dama da ni ba ni da ita: duk lokacin da kake layi kana jiran fasinja, ƙaramin littafi a aljihun gaba ya ishe ka.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Tunda ka iya karatu da rubutu, ba daga ajin farko za ka fara ba. Ka je ofishin ilimin manya na ƙaramar hukumarku ka tambayi azuzuwan ci gaba na yamma ko na ƙarshen mako mafi kusa da kai, za su gwada ka su ajiye ka inda ya dace. In ka ƙosa, sai ka zauna jarrabawar NECO ta waɗanda ba sa cikin makarantar sakandare, da ake yi a ƙarshen shekara, ko ta WAEC da ake kira GCE. Abin nema kiredit 5, har da Turanci da lissafi, kuma kiredit daga A1 ne zuwa C6. In ka same su kana son wucewa, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, da cibiyarta a Sauna wajen Dakata, ga kuma makarantar ci gaba da karatu ta Jami'ar Bayero a kan titin Aminu Kano, inda masu sana'a da ma'aikata ke yin digiri ba tare da sun bar aikinsu ba.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Jarrabawa na matsowa za a zo maka da tayi: ka kawo kaza, a yi maka rajista a wata cibiya, ranar jarrabawa amsa na kan allo. Ni ma an zo mini, kuma ba zan ce zuciyata ba ta raya mini ba, musamman da na san Turancina bai nuna ba. Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na tambayi kaina, yaro in ya yi haka iyayensa yake ruɗa, ni da na kawo kaina da kuɗina wa zan ruɗa? Na shiga da abin da ke kaina a 2018. Lissafi na ci B3, Turanci ya ba ni D7. Na ji zafi ƙwarai, kusan wata guda ban buɗe littafi ba. Daga baya na dawo na tsare kaina da rubuta wasiƙa ɗaya kowane mako, 'yar tawa da ta riga ta shiga sakandare ita ke bi da jan biro tana gyara mini, tana jin daɗin abin har da cewa "Baba, ka sake." A 2019 na samu C6. Ban taɓa son wata lamba kamar yadda na so C6 ɗin nan ba.

Tambayarka ta ƙarshe, ko zai kawo aiki. Ba zan yi maka alkawarin da ba a hannuna yake ba. Masu digiri nawa ne suke jan adaidaita tare da kai yanzu haka? Ka fi ni saninsu. A ajinmu akwai wanda ya wuce ya yi NCE, takardar shaidar malanta, yana koyarwa, akwai wanda takardar ta taimaka masa aka ƙara masa matsayi a wurin aikinsa, da yawa kuma muna nan a sana'armu. Ni tawa takardar tana cikin akwati tare da takardun gida. Amma yanzu ba mai karanta mini saƙon banki, ba na sa hannu a takardar hayar shago sai na bi ta layi-layi, in likita ya rubuta magani ina duba adadin da kaina, kuma ranar Asabar in aiki ya yi sauƙi nakan tafi laburaren Murtala Muhammad in zauna da littattafan tarihin Kano, abin da a da ko a mafarki. Kwanan nan ma na koma zaure na fara nahawu, ina zaune kusa da yara sa'annin ɗana. In don aiki kaɗai za ka koma, ina jin tsoron ka gaji a hanya. In kuwa akwai abin da ka daɗe kana son ganewa, ko da ba ka san sunansa ba, to ka je.

Kafin ka je ma, ga aikin gida. Gobe in ka wanke keken, ka ari tef a wurin telan unguwarku. Ka zagaya tayar gaba da shi ka rubuta, ka auna faɗinta daga gefe zuwa gefe ta tsakiya ka rubuta, sannan ka raba na farko da na biyu a wayarka. Ka dawo ka gaya mini abin da ta ba ka. Daga nan sai mu lissafa sau nawa tayar take juyawa daga Ƙofar Nassarawa zuwa Kabuga.