Aflatun da Batun Neman Rabin Rai

Malama, kin tambaya ko Aflatun, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, shi ne ya ce kowa yana yawon neman rabinsa. Labarin yana cikin littafinsa Symposium, amma a bakin Aristofanis mai wasan barkwanci ya sa shi: wai da can mutane dunƙule suke, hannu huɗu ƙafa huɗu, suka yi girman kai, Zeus, babban abin bautar Girkawa, ya tsaga su biyu.

Maganar da Aflatun ya fi ba nauyi ta malaminsa Sukurat ce, wanda ya ce wata mata, Diyotima, ta koya masa. Ita kuwa ƙin batun rabin ta yi, kuma hujjarta ta fi kama hankalina: alheri ake so, domin ko hannunka ne ya ruɓe, da yardarka za a yanke shi.