Tambaya da Amsa: Ƙurar gini a asibiti da injin tace iska

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Zariya. Za a gyara ɗakin da ke jikin sashenmu, a sauke tsohon silin a fasa tayil. Ɗan kwangila ya kawo injin tace iska mai taya, ya ce mu kwantar da hankalinmu. Cikin majinyatanmu akwai masu karɓar maganin cutar daji. Shin injin kaɗai ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bai wadatar ba, kuma damuwarki tana kan hanya. Ƙurar da ta daɗe kwance a saman silin tana ɗauke da ƙwayoyin funfuna, musamman wadda ake kira Aspergillus. Girman ƙwayar bai wuce maikuron 2 zuwa 3 ba, wato ido ba ya ganinta, kuma takan daɗe tana yawo a iska kafin ta sauka. Mai lafiya kullum yana shaƙar ta ba ya ko tari. Amma wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, kamar mai sankarar jini, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko jariri bakwaini, tana iya kama masa huhu ta kai shi lahira.

Aikin injin guda biyu ne, kuma na biyun ne aka fi mantawa. Na farko ya tace ƙura. Na biyu ya riƙa zuƙe iskar wurin aikin yana fitar da ita waje, ta yadda duk wata kafa da ta rage iska za ta riƙa shiga ta cikinta, ba fita ba. Idan aka ajiye injin a tsakar ɗaki yana zuƙa yana amayarwa nan cikin ɗakin, an sami na farko, an rasa na biyu.

Don haka kafin a ɗaga guduma, a killace wurin daga ƙasa har sama da leda mai kauri, kamar milimita 0.15, irin wadda ba ta saurin kama wuta. Idan aikin zai ɗauki makonni, a yi bangon katako a liƙe gaɓoɓinsa. A duba saman silin, domin sau da yawa bangon da ya raba ɗakuna bai kai rufin kwano ba, ƙura sai ta bi ta sama ta sauka kan gadon majinyaci. A toshe bakin bututun iyakwandishan da ke wurin. Injin ya zauna a ciki, a jona masa bututu ya fita ta taga, a rufe sauran tagar ruf. Bakin bututun ya yi nesa da tagogin majinyata da inda ake jawo iska zuwa cikin gini da aƙalla mita 7 zuwa 8. A ƙofa a yi ɗan zaure na leda, inda leburori za su cire rigar aiki su taka tabarma mai danƙo.

Ga gwajin da ke kanki za ki iya yi kowace safiya: ki riƙe siririn tishu a ƙasan ƙofar wurin aikin. Idan ya lanƙwasa ciki, lafiya. Idan ya tsaya cak ko ya karkato wajenki, a dakatar da aiki. Ledar ma tana magana, domin idan injin na aiki za ki ga ta lotsa ciki. Wasu na gwadawa da hayaƙin turaren tsinke, amma kada a kai wuta kusa da inda ake ba da iskar oksijin. Majinyatan da suka fi rauni kuwa, in da hali a mayar da su wani sashe har a gama.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne a Kano. Ɗakin da zan gyara tsawonsa mita 8, faɗi 5, tsayi 3. Wane girman inji zan nema?

Amsa: Alhaji, lissafin ba wuya. Ka ninka 8 da 5 da 3, ka sami kubik mita 120. Sai ka ninka da yawan sau da kake so a sabunta iskar ɗakin cikin awa guda. A wurin da ake fasa siminti kusa da majinyata, ka ɗauki sau 12, wato kubik mita 1,440 a awa. Ƙaramin injin da aka rubuta wa CFM 500 (ma'aunin Amurka na iskar da inji ke ja a minti) yana jan kusan kubik mita 850 a awa ne kawai, babba mai CFM 2,000 kuma kusan 3,400. Amma wannan lambar ta sabon mataci ce ba tare da bututu ba. Kowace kwana da bututu ya yi, da kowace ƙura da mataci ya sha, ƙarfi na raguwa. Ƙananan biyu za su kai ka bakin gaɓa ne kawai. Gara babba guda, ko ƙananan uku.

Ka tabbata matacin ƙarshe HEPA ne na gaske, mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu maikuron 0.3, ko mai lambar H13 ko H14 a ma'aunin Turai. Ka kuma saka ma'aunin matsin iska a jikin shingen, daga waje inda kowa zai gani. Bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje kada ya gaza Paskal 2.5 a ma'aunin, kuma asibitoci da yawa suna neman 5 zuwa 7.5 a wurin gini. Bayan an tashi aiki kada a kashe injin. Jadawalin 2003 na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ya nuna cewa a sau 12 a awa, sai an yi minti 23 kafin kashi 99 na abin da ke iska ya fita, minti 35 kafin kashi 99.9, shi ma idan ba a ƙara tayar da wata ƙurar ba. Abin da ya dace injin ya kwana yana aiki har ranar da aka goge wurin aka sauke shinge.

Tambaya: To idan aka ɗauke wuta fa? Kuma injin da muka samu na hannu ne daga Amurka. Daga wani ma'aikacin sashen gyare-gyare, Gusau.

Amsa: Malam, da zarar wuta ta ɗauke, iska ta daina shiga, ƙura ta sami hanya. A jona injin a layin janareton asibiti, kuma a kafa wa magina doka: babu wuta, babu fasawa, a rufe ƙofa. Injinan Amurka yawanci na bolt 120 ne, namu kuwa 230, don haka sai da taransifoma mai isasshen ƙarfi. Wutarsu tana juyi 60 a daƙiƙa, tamu 50, shi ya sa irin motar da gudunta ke bin juyin wuta takan rage kusan kashi ɗaya cikin shida. Injin hannu kuma ba a san inda ya yi aiki ba. A sa masa sabon HEPA, a duba robar da ke bakin matacin. Idan ta tsage, ƙura za ta zagaye ta gefe ta fita kamar ba a tace ba.

Tambaya: Yaushe ake canza mataci? Daga mai kula da tsafta, Maraɗi.

Amsa: Matacin farko, mai kama da soso, a duba shi kullum, ranar da ake yankan bulo ko tayil yana iya cika kafin la'asar, balle da hunturu. Shi ne mai araha, kuma shi ke tsawaita ran HEPA mai tsada. HEPA ba a wanke shi, ba a kakkaɓe shi, ba a hura masa iska. Idan ma'aunin jikin injin ya kai iyakar da kamfani ya sa, a kashe injin, a cire matacin cikin wurin aikin, a ɗaure a leda, mai cirewa na sanye da takunkumin N95. A rage wa injin wahala kuma: a yayyafa ruwa kafin yanka, a rufe baron ɓaraguzai kafin a tura shi waje, a bar shara da tsintsiya a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma. Idan tsohon silin na asbestos ne, kada a fasa shi sai an kira masu horo a kan cire shi.