Baƙin Fentin Feshi Ga Sassan Jirgin Sama: Wanne Ne Yake Riƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Garwa, kuma na shekara biyu ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya a bayan shagona. Na sayi baƙin fentin gwangwani a kasuwa, na fesa wa allon agogo (allon na'urorin awo da ke gaban matuƙi) da ƙafafun taya da ƙarfen da ke ɗauke da inji, amma kafin wata biyu ya soma ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, inda fetur ya taɓa kuma ya yi laushi har yana manne wa yatsa. Wane iri ya kamata in nema? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Rabin laifin ba na gwangwanin ba ne, domin in sassan na alminiyam ne, alminiyam da zarar ya sha iska yakan yi wata siririyar fata wadda fenti ba ya kamawa, komai tsadarsa. Sai ka wanke maiƙo da tina, ka goge wurin da soson Scotch-Brite har ya dushe, sannan ka shimfiɗa firama, wato fentin share fage, mai ɗan cin ƙarfe don ta kama shi, ko ta ifoksi (wani irin gam mai ƙarfi), kafin baƙin ya hau. Kada ka kusanto da soson ƙarfe ko burushin waya, saboda ɓurɓushinsu yana maƙalewa a jikin alminiyam ya haifar da zaizaya a ƙarƙashin fenti.

Laushin da ka gani kuwa halin fenti mai ruwa ɗaya ne, wanda iska kawai ke busar da shi, fetur kuma ya sake narkar da shi. Ka nemi gwangwanin da aka rubuta wa 2K a wurin masu sayar da fentin mota. Yana da ma'ajiyar sinadarin taurarawa a cikinsa, wadda ake fasawa ta gindin gwangwanin a girgiza sosai, daga nan kana da kamar kwana biyu kafin ragowar ya daskare, don haka ka tara duk sassan kafin ka fasa shi. Tururinsa yana cutar da huhu ƙwarai, takunkumin yadi kuma ba ya tare shi. Sai mai matatar gawayi, a fili inda iska ke wucewa. Ka fesa da sassafe, tazarar santimita 20 zuwa 25, siriri sau uku, kuma ka kauce wa ranar da ƙurar hunturu ta taso.

Ina da ja a kan launin kansa. Allon agogo da saman hancin jirgi sun cancanci baƙi marar sheƙi, domin kada hasken rana ya dawo wa matuƙi a ido. Ƙarfen da ke ɗauke da inji kuwa fari ko toka-toka ya fi masa, tunda girgiza takan tsaga shi a bakin walda, tsagar kuma baƙin layi ce siririya kamar gashi wadda ba za ka hango ta a kan baƙi ba. Haka nan duk sashen da ka yi da fayiba kada baƙi ya taɓa shi: a Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40 a inuwa, baƙin abu a rana ya zarce haka nesa, gam ɗin fayiba kuma yakan saki idan ya yi zafi. Shi ya sa jiragen fayiba irin waɗanda Burt Rutan ya zana a Amurka kusan dukkansu farare ne. Salansa tana buƙatar nata fentin dabam, mai jure digiri 600 zuwa sama.

Kafin ka taɓa jirgin, ka gwada a kan guntun alminiyam, ka bar shi mako guda, ka ɗiga masa fetur, sannan ka tsaga fentin da reza ka manna salatif ka fizge, ka ga abin da zai biyo shi.