Amsa ga ƙanenmu mai lamba 7 da ejan ya ce ya kawo kuɗin gwaji

Ƙanena, na karanta tambayarka tun da asuba, har yanzu ƙirjina bai daina bugawa ba. Ka ce shekararka 17, gefen dama kake bugawa, wani ejan ya ce a haɗa masa kuɗin jirgi da na biza zai kai ka gwaji Turai, kuma Baba na shirin sayar da fili. Sannan ka ce ai Ahmed Musa ma ta haka ya fita. Wallahi ba ta haka ya fita ba. Don girman Allah ka ce wa Baba ya dakata da maganar filin nan.

Ni ma gefe na buga, lamba 11, kuma irin mutumin nan naka ya taɓa zuwa mana. Har gobe ina ganin fuskarsa. Fari ne, mai ɗan tumbi, da wayoyi biyu a hannu, kullum ɗaya na kunne wai da Bature yake magana. Ya zo ya tsaya bakin fili ya ga na yanke mai tsaron baya na ɗaga kurosin, ana tashi ya dafa kafaɗata ya ce irina ba na zaman Najeriya ba ne. Har gida ya bi ni. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya kira ta Hajiya, ya yi sallar magariba a bayan mahaifina. Abin da ya fi ci min rai ke nan har yau, sallar nan da ya bi. Gonar gado aka sayar, Inna ta kwance ɗankunnenta na zinare da ta ajiye don auren ƙanwata ta ɗora a kai. Ya kwashe mu, mu da wasu yara daga garuruwa daban-daban, ya sauke mu a wani ɗan otal a Kwatano wai daga nan za a buga mana biza. Fasfonmu duka yana cikin jakarsa. Wata safiya ya ce zai je ofishin jakadanci ya dawo, shi ke nan. Tun muna kiran waya tana shiga har ta koma a kashe. Mai otal ya watso mana kaya waje. Na sayar da takalmin ƙwallona, wanda kocinmu ya saya min da kuɗin aljihunsa, na ci abinci da kuɗin. Wani yaro a cikinmu da bai fi shekara 15 ba ya zauna bakin kwata yana kuka yana kiran sunan uwarsa, mu manyan ba mai iya ce masa komai. Da na dawo gida, Baba bai yi min faɗa ba, cewa ya yi kawai "Alhamdulillahi da ka dawo da rai", ya shige ɗaki. Da duka ya yi min da ya fi min sauƙi. Mutumin nan kuwa na ji labari har yanzu yana yawo a filaye yana dafa kafaɗar yaran mutane. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

To mu koma kan Ahmed Musa tunda shi ka kafa hujja da shi. A Jos ya tashi, a makarantar ƙwallo ta GBS, aka ba da shi aro ga ƙungiyar JUTH ta Jos, daga nan Kano Pillars. A kakar 2009/2010 ya zuba ƙwallo 18 a gasar Najeriya, ya fi kowa ci, yana yaro. Mu da muke shiga filin Sani Abacha a lokacin mun gani da idonmu, in ya tsinka da gudu a gefe sai dai mai tsaron baya ya bi shi da kallo. Ƙwallayen nan 18 su suka kira VVV-Venlo ta ƙasar Holand, kulob ne ya nemi kulob aka yi ciniki. Kuma duk da haka sai da ya jira ya cika shekara 18 a Oktoban 2010 kafin ya buga musu, domin dokar FIFA ta hana a sauya wa yaro ƙasa in bai kai 18 ba, sai a wasu 'yan sharuɗɗa da ba su shafi irinmu ba. Kai 17 gare ka. To wane kulob ne zai sa maka hannu? Tambayi ejan ɗin naka wannan, ka kalli idonsa.

Daga Holand CSKA Moscow ta saye shi a farkon 2012, ya ci gasar Rasha sau uku da su. A 2016 Leicester ta Ingila ta biya sama da fam miliyan 16, kuɗin da ba ta taɓa kashewa kan ɗan wasa ba kafin nan. A duk wannan tafiya kuɗi wajensa suke zuwa. Wanda yake son ka da gaske shi zai aiko da takardar gayyata da sunan kulob a kai, ya biya jirgi da masauki.

Kuma Turan nan da kake mafarki, ka san shi kansa bai ji daɗin Ingila ba? Mutumin da ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya je Leicester ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, muka ce shi ke nan an gama, amma ƙwallo biyu kacal ya ci a Firimiya, benci ya yi ta ɗumamawa. Raina ya ɓaci sosai a lokacin, don a ganina ba a ba shi dama yadda ya kamata ba. Sai da ya koma CSKA aro a Janairun 2018 ya dawo hayyacinsa, ya ci Aisland biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Ka duba ta biyun nan, yadda ya ja ƙwallo ta hagu, ya wuce mai tsaron baya da gudu, ya kwantar da gola, ya natsu kafin ya buga. Natsuwar nan wasa a kai a kai ne ke kawo ta. In mai kofin Afirka na 2013 a hannu ya sha wannan wuya, ina ga yaron da aka sauke a tasha ba kulob ba kwantiragi? Bayan ya bar Al Nassr ta Saudiyya ma da ya zauna ba kulob, ai Pillars ya dawo a 2021 ya ci gaba da bugawa, bai ji kunyar gida ba.

Wani abu kuma, tunda gefe kake. Gudu kaɗai ba ya kai mutum ko'ina yanzu. Ka matsa wa ƙafarka ta hagu, kullum bayan atisaye ka tsaya kai da bango. In kun rasa ƙwallo ka dawo baya ka taimaki lamba 2 ɗinka, kociyoyi na kallon wannan fiye da yankan da 'yan kallo ke yi wa ihu. Kada kuma ka yarda kowa ya taɓa maka shekaru a takarda. Ka kula da gwiwarka, in ta kumbura ka huta, ni tawa ce ta ƙarasa ni bayan na dawo, a filin da duk tsakuwa ne. Makaranta ma kada ka sake ta, ina roƙonka.

Ka nemi ƙungiya mai rajista da ke buga gasar jiha ko ta ƙasa, ko albashin bai taka kara ya karya ba, a riƙa ganin ka duk mako, a ɗauki bidiyon cikakken wasa. Shi kuma mutumin, ka ce ya ba ka lambar lasisinsa na FIFA, akwai jerin sunayen ejan masu lasisi a shafinsu na intanet. Ka ce ya kawo takardar gayyatar, a nemi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsu a tambaye su ko sun san da zuwanka. Fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa. In ya fara cewa lokaci na ƙurewa, yau ko gobe za a rufe, to irin maganar da aka yi mana ke nan sak.

In Baba bai gamsu ba, ka yi min magana ta akwatin saƙo in ba ka lambata, ni zan yi masa bayani da bakina. In ya ga dama ma in haɗa shi da mahaifina su yi magana dattijo da dattijo.