Babur ɗin haya ya faɗi a hannun ƙanena, wa zai biya gyara?

Wani mai shagon kayan masarufi daga Azare ya rubuto cewa ya sayi babur ƙirar Bajaj Boxer a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ya ba ƙanensa yana acaɓa, yana kawo masa balas ɗin naira dubu uku a kullum. Makonni uku da suka wuce babur ɗin ya kife da yaron a wata kwana mai yashi, ya tashe shi ya dawo gida ya ce madubi kaɗai ya fashe. Yanzu babur yana jan gefe ɗaya, yana ɗigar da baƙin mai, balas kuma ya fara tsallake kwanaki. Yana so ya san abin da za a duba, da wanda zai biya gyara, da kuma ko ya ci bashi ya ƙaro babura biyu.

Malam, faɗuwar babur ba ita ce matsalarka ba, domin duk babur ɗin da ke kan titi daga safe zuwa dare wata rana sai ya sha ƙasa. Kuskurenka shi ne ka bar wanda ya kayar da babur ya zama shi ne mai duba ɓarnar kuma mai ba ka rahoto, kai kuma ka karɓi maganarsa ba tare da ka tashi daga shago ka leƙa ba, saboda kawai ciki ɗaya kuka fito. Yaron da ya san cewa gyara zai iya fitowa daga aljihunsa ba zai ga abin da ya wuce madubi ba. Ban ce maƙaryaci ne ba, amma ka ɗora masa shari'ar da shi ne wanda ake tuhuma a cikinta.

Ka karɓi makullin yau, ka duba da idonka kafin ka je wurin kowa. Ka tsaya a gaban babur, ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka, ka ga ko kan yana daidai da taya ko ya karkace. Ka riƙe birkin gaba ka danna kan ƙasa sau da yawa: idan ƙarafan da ke riƙe da tayar suna cijewa ko suna zubar da mai, mai yiwuwa sun lanƙwashe. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta, ka lura ko tana rawa. Sannan ka haska fitilar waya a wuyan babur, inda waldar kamfani take, domin fentin da ya tsage ko ya ɓare a wurin alama ce ta cewa ƙashin babur ɗin kansa ya ji jiki, kuma wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowace tsada. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, da safe tabon zai nuna maka daga ina man yake fitowa, kuma kada a sake tayar da shi sai an auna abin da ya rage a ciki. Hannun birki ko na kuloci da ya lanƙwashe a canza shi, kada a miƙe shi da guduma, don irin ƙarfensa kan tsage daga ciki ya karye ranar da ake tsananin buƙatarsa. Bayan haka ka kai wa bakaniken da kai ka zaɓa, ba abokin hirar ƙanenka ba, ka tsaya a kansa har ya gama.

Na san wani ɗan kasuwar hatsi da ya yi irin sakacinka da ɗan yayarsa. Murfin injin ya ɗan tsage, aka liƙe da gam aka ci gaba da aiki, mai yana tsiyayewa a hankali har injin ya buga a hanyar kasuwar ƙauye. Gyaran da zai ƙare a 'yan dubbai ya koma sauke inji gaba ɗaya, kuma da ya nemi yaron ya ɗauki rabi sai maganar ta koma gaban iyaye, aka ce ya yi haƙuri tunda shi ne babba. Bai da takarda ko guda da zai nuna, don haka ya yi haƙurin dole.

Batun wanda zai biya kuwa, tunda ba ku rubuta komai ba, wannan karon yawancin kuɗin a kanka zai faɗa, kuma kada ka ɓata zumunci a kan abin da ba ka shardanta ba. Amma kafin makullin ya koma hannunsa ku zauna da shaidu biyu ku rubuta: nawa ne balas, wace rana ce hutu, wa ke juyen baƙin mai, wa ke sayen taya, kuma duk faɗuwa, komai ƙanƙantarta, a sanar da kai a ranar, in ba haka ba gyaran nasa ne. Ka sayi littafi ka riƙa shigar da abin da ya kawo da abin da aka kashe, shi kuma ya sa hannu duk ƙarshen mako. Wanda ya ce maka rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Maganar ƙaro babura biyu da bashi ka ajiye ta. Dubu uku a kwana shida na mako kusan dubu saba'in da biyu ke nan a wata, wato sai ka yi wata goma sha takwas kafin uwar kuɗinka ta dawo, kuma wannan lissafin babu gyara a cikinsa, babu ranar rashin lafiya, babu ruwan sama. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 abin da ke saura a hannun ɗan acaɓa ya ragu, shi ya sa balas ke tsallake kwana. Ga kuma hukuma, wadda kan iya hana sana'ar da sanarwa ɗaya, kamar yadda gwamnatin Kano ta yi a 2013. Ka riƙe littafin nan wata shida cur, idan ya nuna riba bayan an cire gyara, ka sake rubuto mini da alƙaluman mu duba batun babur na biyu, kuma da kuɗinka, ba da na bashi ba.